Wa Zai Riƙe Sitiyari, Wa Zai Riƙe Igiya?

Ƙannena maza da mata,

Da la'asar sakaliya a watan Yuli ko Agusta, ƙananan tashoshin ruwa na tsibiran Girka sukan cika da 'yan kallo. Masu shan gahawa a bakin teku sukan juya kujerunsu su fuskanci ruwa, domin a lokacin ne jiragen shaƙatawa masu tafiya da iska suke dawowa neman wurin kwana. Da yawa daga cikinsu mutum biyu ne kacal a ciki, miji da mata, sun yi hayar jirgin na mako ɗaya ko biyu. Sun wuni a kan teku lafiya lau, ana hira ana dariya. Sai an zo ɗaure jirgi, aikin da bai fi minti biyar ba, sannan za ka ji muryar maigida ta tashi har ƙarshen tasha, uwargida kuma ta tsaya a goshin jirgi da igiya a hannu, ta rasa wanne daga cikin umarni uku da aka watso mata za ta fara bi. Abin ya zama sananne har matuƙa suna yi wa na'urar kunne mai makirufo da wasu ma'aurata ke ɗaurawa don wannan aiki laƙabi da mai ceton aure.

Na san yawancinku ba ku taɓa taka irin wannan jirgi ba, kuma mai yiwuwa ba za ku taka ba. Amma aure yana gabanku, wasunku ma sun shiga, kuma ban san wani wuri da rabon aiki tsakanin mutum biyu yake fitowa fili ƙarara kamar nan ba. Iska da ƙarfe ba su san kara ba. In an raba aikin daidai, jirgi ya shige wurinsa shiru. In an raba shi don girman kai ko don haka aka saba gani, kowa a tasha zai shaida.

Sai kun san halin jirgin kafin ku gane abin da ke tayar da murya. Jirgin haya mai tsawon mita 12 nauyinsa yakan kai tan takwas ko tara, kuma ba shi da birki. Kafin a shiga tasha an riga an naɗe ƙyallayen da iska ke turawa, an tayar da inji, amma injin ƙarami ne mai farfela ɗaya. Sitiyarin kuwa ba ya aiki sai ruwa yana gudana a jikin allon juyi da ke ƙarƙashin jirgin. Ma'ana, in tsoro ya sa ka rage gudu har jirgi ya kusa tsayawa, ya daina jin maganarka ke nan, iska kuma ba ta daina nata aikin ba. Goshin jirgin ya fi sauƙi, shi take fara kwashewa ta juyar. Ita ma farfela tana da nata taurin kai: da an sa ribas, kafin jirgin ya fara ja da baya sai ƙeyarsa ta goce gefe guda, a yawancin jirage zuwa hagu. A Tekun Ejiyan akwai iskar arewa da ake kira meltemi, wadda ta fi ƙarfi a tsakiyar bazararsu, kuma ta saba ƙara kaifi bayan azahar, daidai lokacin da kowa ya gaji yana neman masauki.

A Bahar Rum ruwa ba ya cika ya janye sosai kamar a gaɓar Ingila, inda a mashigin Bristol bambancin cika da janyewa yakan haura mita 12. Ga wurin tsayawa ya yi kaɗan. Shi ya sa jirage suke jeruwa kafaɗa da kafaɗa, kowanne ya ba dakalin tasha ƙeya, goshinsa yana kallon teku. A yawancin tashoshin garuruwan Girka, anka ce ke riƙe goshin, igiyoyi biyu kuma su riƙe baya.

Ga yadda ake yi. Mai sitiyari zai fara ribas tun daga nesa domin jirgin ya sami gudun da zai ji juyi, ya juya jikinsa yana kallon gurbin da zai shiga, ya riƙe sitiyarin gam, don a ribas ruwa yakan fizge shi daga hannun mai sakaci. In saura tsawon jirgi uku ko huɗu a kai dakali, wato mita 36 zuwa 48, sai ya ba da alama a saki anka. Wanda ke goshi ya danna injin sarƙa, anka ta nutse, sarƙa ta yi ta zuba. Aikin na goshi a nan shi ne kada sarƙar ta cije. In ta cije ko da na daƙiƙa biyu ne, jirgi zai tsaya cak a tsakiyar hanya, sitiyari ya mutu, iska ta kwantar da shi a kan sarƙoƙin maƙwabta. Idan an kusa isa, sai a ɗan riƙe sarƙar domin ankar ta kama ƙasa, a miƙa igiyar ɓangaren da iska ke fitowa tukuna, sannan ɗayar, daga ƙarshe a ja sarƙa ta miƙe har ƙeyar jirgin ta ɗan nisanta daga kankare.

To ku dubi inda mutanen nan biyu suke tsaye. Tsakaninsu mita goma ne ko fiye. Ɗaya yana kallon baya, ɗaya ya sunkuya yana kallon sarƙa. Inji yana ruri a ƙarƙashin ƙafar ɗaya, sarƙa tana ƙara a kunnen ɗayan, iska tana kwashe duk abin da aka faɗa. Dole mai magana ya ɗaga murya, kuma muryar da aka ɗaga ba ta isa kunnen mata ko miji a matsayin umarnin aiki kawai, da faɗa take isa. Rabin rigimar da 'yan kallo ke sha'awa daga nan take farawa, tun babu wanda ya yi laifi. Ma'auratan da suka daɗe a teku sun rage magana a wannan lokaci har kusan babu. Sun yi yarjejeniya kan alamun hannu: wannan na nufin saki, wannan riƙe, wannan ja. Sun shafa wa sarƙa fenti a kowace mita goma, na goshi ya ɗaga yatsu uku, na baya ya san mita 30 sun fita. Babu wata doka da ta tsara alamun. Kowane gida da nasa, muddin su biyun sun fahimci abu ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a lamarin. Ku zauna a kowace tasha ku ƙirga, za ku ga kusan kullum namiji ne a sitiyari, mace a goshi. Ku tambayi kanku, a cikin ayyukan nan biyu wanne ne yake bukatar ƙarfin damtse? Sitiyari da totur yatsu ne ke sarrafa su. Abin da suke nema shi ne ido, natsuwa da sanin lokaci. Aikin igiya shi ne na ja, ɗagawa, turawa da tsallakawa.

A Kuroshiya abin ya fi fitowa fili, domin a yawancin tashoshinsu na ƙananan jirage ba a sakin anka. Akwai manyan igiyoyi da aka ɗaure a ƙasan ruwa, kowacce da siririyar igiya da ta haɗa ta da dakali. In kun iso da baya, ma'aikacin tasha zai ɗago siririyar, wani daga cikinku ya kamo ta da sanda mai ƙugiya, ya bi gefen jirgi da ita hannu bayan hannu har goshi, ya jawo babbar daga ƙasan teku, ya ja ta da iyakar ƙarfinsa ya naɗa a turken ƙarfe. Igiyar tana da nauyi, ga taɓo, ga santsi, ga ƙananan bawon kifi masu yanka tafin hannu, shi ya sa ake sa safar hannu. Kuma dole a yi sauri, don kafin a ɗaure ta babu abin da ke riƙe da goshin. Sau da yawa wannan aiki shi ake bar wa macen da ba ta kai mijinta ƙarfi ba, shi kuma ƙato yana tsaye a baya da yatsu biyu a kan sitiyari yana cewa ta yi sauri. Ni a ganina wannan rabon banza ne. In mijin ya fi ƙarfi da tsawon ƙafa, shi ya kamata ya tafi goshi, ita ta shigo da jirgin. In kuma matar ce ta fi shi zafin nama, shi ya fi ta natsuwa a ribas, to su bar shi yadda yake. Malaman tuƙi da yawa sun daɗe suna ba ma'aurata wannan shawara, amma sitiyari yana da wani abu da ke sa namiji ya ji kamar in ya sake shi ya saki gidansa.

Na san abin da wasu samarinku za su ce: ai namiji ne shugaba, ta yaya zai koma jan igiya mace tana tuƙi? Ku je tashar Apapa ku ga yadda babban jirgin kaya yake shigowa. Kyaftin ba ya riƙe da sitiyari. Wani ma'aikaci ne yake riƙe da shi. Hasali ma, kafin a shiga mashigin Legas sai wani jagora da ya san ruwan wurin ya hau jirgin, shi ne zai riƙa faɗin a karkata nan, a rage gudu can. Duk da haka alhakin jirgin yana wuyan kyaftin, kuma ba wanda ya taɓa cewa girmansa ya ragu. Shugaban jirgi shi ne wanda ya yanke cewa za a shiga wannan tasha ko a wuce, wanda ya tsara yadda za a shiga, wanda kuma zai amsa tambaya in an yi ɓarna. Yana iya yin duk wannan da igiya a hannunsa.

Masu shakkar cewa mace za ta iya kuwa, sai su nemi labarin Kirsten Neuschäfer 'yar Afirka ta Kudu, wadda a watan Afrilun 2023 ta lashe gasar Golden Globe ta zagaya duniya ita kaɗai ba tsayawa, a jirgi mai ƙafa 36, bayan ta karkata hanya ta ceto wani ɗan gasar, Tapio Lehtinen ɗan Finland, da jirginsa ya nutse a Tekun Indiya. Ko su dubi Lin da Larry Pardey, ma'auratan da suka shafe shekaru arba'in da ɗoriya suna yawon teku tare a jirage biyu na katako, Seraffyn da Taleisin, waɗanda ko inji ba su da shi. Duk tashar da suka shiga, da iska ko da doguwar sandar tuƙi suka shige ta. Lin ƙaramar mace ce ainun, kuma a jirgin da ba ribas ba totur, babu damar a ce mutum ɗaya ne ya iya aiki, ɗayan ɗan rakiya.

Akwai wani abu kuma da masu son riƙe sitiyari ba su cika lura da shi ba. Mai sitiyari ba shi ne kullum yake ba da umarni ba. A wasu wuraren ba dakali ake ɗaurawa ba, wata ƙwallo ce mai yawo a kan ruwa da aka ɗaure da nauyi a ƙasa. Ana tunkarar ta goshi na fuskantar iska, kuma in saura mita kaɗan sai ta ɓace wa na baya gaba ɗaya, goshin jirgin ya rufe ta. Daga nan na baya makaho ne. Na goshi ne zai miƙa hannu yana nuna inda take, ya nuna saura nawa, ya ce a cire giya. Haka ma da safe wajen ɗago anka: na goshi ne yake ganin inda sarƙa ta nufa, na baya sai dai ya bi hannunsa. Kun san yadda direban babbar mota yake in zai yi ribas a cikin kasuwa. Motar tasa ce, shi ne uban gida, amma in yaron mota ya buga bodi ya ce tsaya, ba ya tambayar dalili, birki yake takawa. A jirgi ma wanda yake gani shi ke da magana a wannan daƙiƙar, kuma maganar tana iya komawa daga baya zuwa goshi, ta sake dawowa baya, sau biyu ko uku a cikin ɗauri ɗaya. Ma'auratan da suka kasa miƙa wa juna ita su ne ake jin muryarsu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da ake ihu a kansa a bakin dakali, abu ne da ya kamata a gama maganarsa tun jirgi yana waje, a wurin da ke da sarari. A can ake rataye matasan roba a gefe biyu da ɗaya a ƙeya, a ɗaura igiyoyin baya a fitar da su ta wajen shingen ƙarfe don kada su sarƙe, a warware su, a kwance anka ta yi reto, a mayar da ƙaramin kwalekwalen roba gaba don kada a matse shi. Sannan a shiga tashar a zagaya sau ɗaya ba da niyyar ɗaurawa ba, don kallo kawai: ina iska take fitowa, ina sarƙoƙin wasu suka nufa, akwai zobe ko turke a dakalin, akwai mai karɓar igiya? A fito, a tsaya, mai sitiyari ya faɗi abin da zai yi daki-daki, ɗayan ya maimaita. Kuma su amince cewa kowannensu yana da ikon cewa a fasa. In shigar ta karkace, a sa giyar gaba, a kwashe sarƙa, a fita, a sake. Ƙwararru suna yin haka ba tare da jin kunya ba. Sabon shiga ne yake nacewa sai ya gyara abin da ya riga ya lalace, don idon mutane.

Idon mutanen nan ma fitina ne mai zaman kanta. Da zarar jirgi ya fara tangaɗi, sai maza su miƙe daga jiragen maƙwabta, kowa yana ba da shawara da harshensa, wani da Jamusanci, wani da Italiyanci. Mafi yawansu da kyakkyawar niyya suke yi, ko da tsoron a goge musu fenti. Amma na goshi kunne ɗaya gare shi a wannan lokaci, na abokin zamansa ne, sai kuma ma'aikacin tasha in akwai. In wani baƙo ya karɓi igiya a dakali, a roƙe shi ya zura ta cikin zobe ya dawo da bakinta jirgi, kada ya tsaya yana ja, don mai ja daga tudu yakan juya jirgin inda mai sitiyari bai nufa ba.

Wannan kuma ku riƙe shi da kyau, don nan ne wasa yake ƙarewa. Kada miji ya taɓa ce wa matarsa ta yi tsalle, kada mata ta ce wa mijinta haka. A Ingila, inda aka fi ɗaure jirgi ta gefe a jikin siraran gadoji masu lilo a kan ruwa, tsalle daga jirgi da igiya a hannu shi ne hanyar karaya da faɗawa tsakanin jirgi da gada. In na igiya ba zai iya sauka da taku ɗaya ba, mai sitiyari ne bai kawo jirgin kusa ba, gyaran nasa ne. Kada a sa hannu ko ƙafa don tare jirgi. Tan takwas ko da tafiyar hawainiya yake yi ba ƙashin mutum ne zai tsayar da shi ba, matashin roba ake zurawa a tsakani. Kada a naɗa igiya a hannu, a turke ake zagaya ta, turken ya ɗauki nauyin. Fentin da ya goge ana biyan kuɗinsa daga ajiyar da kamfanin haya ya karɓa. Yatsa ba ya dawowa. Ga mutum biyu kuma akwai dabarar da ta rage duk wannan guje-guje: igiya ɗaya daga turken tsakiyar jirgi, a jefa ta kan turken gada da ke ɗan baya, a ɗaure, a sa giyar gaba a hankali, a juya sitiyari nesa da gadar. Jirgin zai manne a wurinsa, sauran igiyoyi a ɗaura su a tsanake.

Bayan an kashe inji, in akwai abin faɗa, a bari a shiga ciki, a sha ruwa tukuna. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma gyaran da aka yi wa mutum a gaban tasha guda ba ya shiga, sai dai ya bar tabo. Kuma a fara da tambayar me ka gani daga inda kake, don sau da yawa na goshi da na baya abubuwa biyu daban suka gani, kowa kuma da gaskiyarsa.

Rabon aiki mai kyau yana da nasa haɗari, wato kowa ya ƙware a ɓangarensa har ya manta na ɗayan. Shekara goma ita ce a goshi, shi a baya, sai ranar da ya zame ya karya hannu, ko ciwon zuciya ya kama shi, ko ya faɗa ruwa. Sai a wayi gari da mace a kan jirgin da ta sani ciki da waje amma ba ta taɓa shigar da shi tasha ba. Ƙungiyar matuƙa ta Cruising Club of America ta tsara horo na musamman saboda wannan rana, don ma'auratan da ɗayansu zai iya tsintar kansa shi kaɗai ba shiri. Hukumar wasannin jiragen ruwa ta Birtaniya, RYA, tana da kwasa-kwasai na kwana biyar a kan ruwa, ɗaya na ma'aikacin jirgi, ɗaya na shugaban jirgi, kuma babu abin da ya hana miji da mata su yi na biyun dukansu. Ko dokar hayar jirgi a Girka ba ta wadatu da mai takardar tuƙi ɗaya ba, tana neman a ce akwai mutum na biyu a jirgin da ya san aiki. Wanda ya rage dole ya iya tayar da inji, ya sauke ƙyallaye, ya karanta inda jirgin yake, ya kira agaji a tasha ta 16 ta rediyon oba-oba, sannan ya kawo jirgin bakin dakali.

Ba a koyon wannan da la'asar a tsibirin Hydra, inda jirage ke cunkushewa layi biyu har uku, ankoki suna hawa kan juna. Da sassafe ake koyo, kafin iska ta tashi, a wani lungun teku da babu kowa. A jefa matashin roba ɗaya a ruwa, wanda bai saba da sitiyari ba ya yi ta tunkarar sa da baya, ya ji yadda ƙeyar take gocewa, ya gane gudun da jirgin yake fara jin juyi. In hannu ya faɗa, a koma dakalin da babu jirgi hagu da dama. Wanda yake koyarwa kuma, miji ne ko mata, ya bar wurin sitiyarin gaba ɗaya, don muddin yana tsaye a gefe hannunsa zai kai kansa. Ya tafi goshi ya kama sarƙa, ya yi abin da aka nuna masa da hannu. In na baya ya ce shigar ba ta yi ba, za a fita a sake, ya kwashe sarƙarsa ya jira alama ta gaba.